Zan iya rubuta labarin Kachollom alhali ni ba 'yar Birom ba ce?

Tambaya: Malam, ni marubuciya ce a nan Jos, a Rikkos nake zaune. Ina rubuta labarin wasu ƙawaye biyu da suka haɗu a makarantar koyon aikin jinya, ɗaya Bahaushiya Musulma, ɗayar 'yar Birom Kirista mai suna Kachollom. Da na saka babi uku a zaurenmu na marubuta sai kai ya rabu. Wasu suka ce in cire ta, ba labarina ba ne, in bar 'yan Birom su rubuta nasu. Wasu suka ce ai ban ma fara ba, sai na sa Ibo da Bayarabe da Bafulatani da mai naƙasa kafin a ce littafin ya wakilci Jos. Wata kuma ta ce duk wannan surutun Turawa ne, in rubuta abin da na ga dama. Wa zan bi?

Amsa: Ƙanwata, kada ki cire Kachollom. Na fara da wannan don hankalinki ya kwanta, saboda abin da zai biyo baya aiki ne zan ɗora miki, kuma ba ƙarami ba.

Bari in ɗauki maganar wadda ta ce surutun Turawa ne, domin ita ce ta fi saurin shiga zuciya. Gaskiya ne a Amurka da Ingila aka fi kai ruwa rana a kan batun cikin 'yan shekarun nan. A 2014 wasu marubutan littattafan yara a Amurka suka tashi da koken cewa yaran baƙaƙen fata da na sauran tsiraru ba sa ganin kansu a cikin abin da ake ba su su karanta. A 2015 wata marubuciya 'yar Holan, Corinne Duyvis, ta ƙirƙiro wata alama a Twitter don a riƙa gane littafin da ɗan cikin al'umma ya rubuta game da al'ummarsa. A 2016 marubuciyar Amurka Lionel Shriver ta hau mumbarin taron marubuta a Brisbane ta Ostireliya sanye da malafar mutanen Meziko, ta ce aikin marubuci ke nan ya sa hular wani, kuma babu mai hana shi. A farkon 2020 aka yi ca a kan Jeanine Cummins saboda labarin da ta rubuta na wata uwa 'yar Meziko mai gudun hijira, har kamfanin da ya buga littafin ya soke zagayen tallarsa. A 2021 kuma ƙungiyar da ta fi riƙe waccan alama ta ce ta daina amfani da ita, saboda ta koma sandar dukan marubuta, ana tilasta wa mutum ya tona rayuwarsa kafin a yarda da littafinsa. Ka ga ke nan su ma ba su gama daidaitawa ba.

Amma ciwon ya riga su zuwa nan, kuma a jikinmu aka fara gwada shi. Joyce Cary Bature ne da ya yi aikin mulki a Arewa, har ya riƙe Borgu. A 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Nijeriya da ya zana shi kamar yaro marar hankali, mai washe baki a gaban ubangidansa. Turawa suka yaba, suka ce ga Afirka tsantsa. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, bai ga kowa da ya sani a ciki ba, kuma shi da kansa ya faɗa cewa wannan takaici yana cikin abin da ya tura shi rubutu. Ba ma sai mun je can ba. Ke da kanki kin kalli finafinan Kudu inda Bahaushe ba ya wuce maigadi da rediyo a kunne, ana kiransa aboki, yana karya Turanci ana dariya. Kin san abin da kika ji a ƙirjinki. To wannan jin shi ne tushen muhawarar gaba ɗaya, kuma ba daga waje aka shigo mana da shi ba. Wanda ya ji zafin a zana shi da kuskure bai kamata ya ce wa wani nasa zafin kwaikwayon Turawa ne ba.

Sai masu cewa ki bar wa 'yan Birom. Akwai gaskiya a bakinsu, kada ki raina ta. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai abin da 'yar Gyel ko Du, yankunan Birom, za ta rubuta game da gidansu wanda ke ko shekara goma kika yi kina tambaya ba za ki kai ba. Inda na rabu da su shi ne a kan hanin. In aka ce kowa sai labarin gidansu, to namiji ba zai rubuta mace ba, mai gani ba zai rubuta makaho ba, kuma babu wanda zai iya rubuta Jos, domin Jos ba gidan mutum ɗaya ba ce. Garin da hedikwatar cocin COCIN da ta cocin ECWA suke, garin da aka kafa Izala a 1978, garin da haƙar kuza ta tara mutane daga ko'ina tun farkon ƙarnin da ya wuce, yaya za a yi ki ba da labarinsa da mutanen layinku kaɗai? Littafin da ya yi haka ya yi ƙarya ko da kowace jimla a cikinsa gaskiya ce.

Ki tuna kuma adabinmu bai taɓa zama na jinsi ɗaya ba. Cikin littattafai biyar da suka fito bayan gasar rubutu da Baturen nan Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, waɗanda muke kira tushen ƙagaggen labarin Hausa, akwai Jiki Magayi, kuma John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da East. A 2016, cikin littattafai uku da suka kai zagayen ƙarshe na babbar kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, biyu labarin Musulmin Arewa ne. Ɗaya na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan Jos, wanda ya ci kyautar da labarin wata dattijuwa bazawara da rikicin garin nan ya kora zuwa gefen Abuja. Ɗayan na Elnathan John, haifaffen Kaduna wanda ya tashi a gidan Kirista, ya rubuta rayuwar almajiri da bakin almajirin. An yi gardama a kan na biyun, wasu suka ce ya kama, wasu suka ce ya kauce a wurare, kuma gardama ce mai amfani domin a kan abin da ke cikin shafi aka yi ta. Na farkon ma bai tsira ba, akwai 'yan gida da suka ce ya tona mana asiri. Zama ɗan gida bai hana a soke ka, zama baƙo kuma bai hana ka yi daidai.

Abin da nake tsoro a rubutunki daban ne, kuma shi ne ainihin abin da nake so ki ɗauka. Ina tsoron ba ki san Kachollom ba.

Ba laifinki ba ne. Ni a Gangare na tashi, kuma lokacin da nake yaro akwai wata mata Kirista a gidan hayar da ke jikin namu, Mama muke ce mata kamar yadda 'ya'yanta suke ce wa mahaifiyata Inna. Ranar Kirsimeti tun kafin azahar kwanon shinkafarta ya shigo gidanmu, kuma kazar da ke kai mahaifina ne ya yanka mata da safe, domin ita ce ke aiko ɗanta da ita don kada mu ƙi ci. Ran Babbar Sallah ni ake ba cinyar rago in kai mata. Na san ƙamshin gwaten accarta, na san waƙar da take yi tana shara da asuba, na san yadda take faɗa in ɗanta ya dawo da dare. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 gari ya kama da wuta, aka yi kwanaki ana kashe-kashe, aka rasa rayuka kusan 1,000. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen Tudun Wada, kamar yadda Musulmin can suka kwaso nasu suka dawo ta wajenmu. Aka sake a Nuwamba 2008, aka sake a Janairu 2010, kowane karo katangar da ba a gani tana ƙara tsawo. Yau yaron Unguwar Rogo zai iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a ɗakin Kirista ba, yaron Kabong ko Unguwar Rukuba ma haka ta ɗaya gefen. In shekarunki ba su wuce talatin ba, a cikin wannan rabuwar kika yi wayo. Abin da yawancin tsararki suka sani game da maƙwabtansu daga bakin wasu suka ji shi, kuma yawanci a lokacin fushi aka faɗa.

Marubucin da bai sani ba ba ya barin gurbin a wofi, da jita-jita yake cike shi. Na daɗe ina duba rubuce-rubucen matasa kafin su kai maɗaba'a, kuma fuskar Kirista a cikinsu ba ta cika wuce uku ba. Akwai mashayiya mai ɗan guntun siket wadda aka kawo don ta lalata mijin jaruma. Akwai 'yar aiki, wadda ba a ma ba ta suna sai a ce 'yar ƙabila. Sai kuma ta kirki, mai kunya, mai son Musulmi, wadda tun babi na biyu mai karatu ya san za ta musulunta a babin ƙarshe a sa mata suna A'isha. Wannan ta ukun ita ta fi yawa a hannun masu kyakkyawar niyya, shi ya sa nake jan kunnenki a kanta. Ni Musulmi ne, na san mutane suna musulunta, kuma ba na cewa haramun ne a rubuta hakan. Amma in duk kirkin Kachollom share fage ne na ranar da za ta bar addininta, to kin gaya wa kowace Kirista da ta karanta cewa kirkinta bai cika ba sai ta daina zama ita. Juya shi ki gani: wata 'yar Bukuru ta rubuta Bahaushiya mai hankali da tausayi, a ƙarshe ta cire hijabi aka yi mata baftisma, kowa yana murna. Za ki ce wannan littafin ya wakilce ki?

Maganar harshe ita ce inda aka fi faɗuwa, kuma nan zan ɗan daɗe. Wani saurayi ya taɓa kawo min labari mai kyau, amma fastonsa yana magana kamar haka: “Ni ya zo, kai ya ba ni ruwa.” Na tambaye shi a ina ya ji fasto yana wannan Hausar, ya ce ai haka ake yi a fim. Na ɗauke shi muka je gaishe da wani dattijon ikilisiya da muka yi koyarwa tare, mutumin Pankshin. Muna zama dattijon ya dube shi ya ce, “Samari, barka da zuwa, yaya ka baro mutanen gida? Allah ya albarkaci wannan aiki naka, ya sa ka gama lafiya.” Aka yi awa guda ana hira, ya kawo karin magana har uku, ɗaya ma saurayin bai taɓa jin sa ba. Da muka fito bai ce min komai ba sai da muka kai bakin titi, ya ce zai sake rubuta babin. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Majami'u da yawa a Filato da Hausa suke sujada, da Hausa suke waƙa, da Hausa ake wa'azi. Allah suke cewa, da Ubangiji, da Yesu Almasihu, suna cewa in Allah ya yarda, suna ba da baiko, wato sadakar coci, matan Zumunta, ƙungiyar matan coci, suna buga tulu suna rera waƙa da Hausar da za ta sa ki tsaya ki saurara. Hausa harshensu ce su ma, da ita suka yi wayo, da ita ɗan Birom yake ciniki da ɗan Tarok.

Ba na musun cewa Hausar Filato tana da nata launi. Za ki ji wanda ba ya bambance namiji da mace a magana, za ki ji ƙ ta koma k, za ki ji Turanci ya shigo tsakiyar jimla. In Kachollom haka take magana, ki nuna shi kaɗan, kalma ɗaya nan, juyin jimla can, yadda mai karatu zai ji muryarta ba tare da an mai da ita abin dariya ba. Kuma ki tuna ke ma in kika je Kano cewa za su yi Hausarki ta Jos ce, har su kwaikwaye ki. Ma'aunin da za ki so a auna taki Hausar da shi, shi za ki auna tata.

Sunan da kika zaɓa ya nuna min kin fara sa ido, domin Kachollom sunan Birom ne na gaske, kamar Chundung da Kangyang, kamar Pam da Dung da Gyang a maza. Da yawa sukan ɗauko Nanret ko Nandom su liƙa wa ɗan Birom, alhali sunaye masu farawa da Nan sun fi yawa a wajen Angas da Mwaghavul da Tarok. Ɗan Filato yana ganin wannan zai ajiye littafin. To ki ci gaba daga nan. Daga wane gari iyayenta suka fito, Vom ko Zawan ko Foron ko Barikin Ladi? COCIN take zuwa ko Katolika, domin rayuwar biyun ba ɗaya ba ce? Kakarta tana noman acca a gonar da aka kewaye da ƙerana, kusa da kududdufin da masu haƙar kuza suka bari? Wa ke biyan kuɗin makarantarta, kuma me take bin sa? Wane saurayi take so wanda babanta ba ya so? In duk abin da kika sani game da ita shi ne Kirista ce kuma ƙawar jarumarki ce, to har yanzu ba ta zama mutum ba. Gwajin da nake ba marubuta shi ne su rubuta min yini guda na wannan tauraruwar wanda jarumar ba ta fito a ciki ko sau ɗaya ba. Ba lallai ya shiga littafin ba. Wanda ya kasa cika shafi biyu ya san inda aikinsa yake.

Mafi wuya shi ne ranar da ƙawayen nan biyu za su taɓo maganar rikici, kuma dole su taɓo ta, in ba haka ba ƙawancen na roba ne. Kachollom tana da nata gawarwakin. Tana da labarin da aka ba ta a gida game da wanda ya fara, da wanda ke da ƙasa, da abin da ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 yake nufi, da daren kisan ƙauyen Dogo Nahawa a Maris 2010. Jarumarki ma tana da nata, tana da kisan Kuru Karama, tana da ɗan'uwan da ya fita bai dawo ba. Jarabar da za ta zo miki ita ce ki sa Kachollom ta saurari ƙawarta, ta yi kuka, ta ce ashe ku aka zalunta. Kada ki yi. Ki bar ta ta faɗi nata da ƙarfin da wata 'yar Birom ta gaske za ta faɗa, har ke mai rubutun ki ji ba daɗi, sannan ki bar su su nemi yadda za su ci gaba da zama a ɗaki ɗaya da wannan a tsakaninsu. A nan labarinki yake. A Jos masu karanta ki mutane ne da suka binne nasu, kuma kalmomi irin su arne da ɗan ci-rani da baƙo sun taɓa zama sanadin rai. Tauraro zai iya furta su, domin ana furtawa, amma a ji nauyinsu a shafin, kada su wuce kamar gaisuwa.

Masu cewa sai kin sa kowa da kowa ba zan ɓata miki lokaci a kansu ba. Labari ba rabon muƙami ba ne da za a ce kowace shiyya sai ta samu. Mutum ɗaya da aka sani ciki da waje ya fi goma da aka jera don a ƙirga. In jarumarki ta je sayen kayan miya Farin Gada ko ta shiga Katako, mutanen da ke can za su shigo da kansu, Ibo mai kayan gini, Bafulatana mai nono, duk wanda idonki ya saba gani. Abu ɗaya na ɗauka daga maganarsu: mu ma a cikin gida muna da waɗanda muka mayar saniyar ware. Jarumarmu kullum fara ce doguwa mai jinin Fulani ko Larabawa, baƙar mace sai dai muguwar kishiya, makaho mabaraci, kurma abin barkwanci, ɗan ƙauye wawa. Wanda ya gyara idonsa a kan Kachollom zai fara ganin waɗannan ma.

Yanzu abin yi. Gani ya kori ji. Ki nemi wata 'yar Birom, ko abokiyar karatu ko ta wurin aiki, ki gaya mata gaskiyar abin da kike rubutawa, ki roƙi ta kai ki gidansu. Ki je biki, ki je gaisuwar mutuwa, ki zauna a kicin inda mata ke hirar da ba a yi a falo. In kin gama rubutun ki ba mutum biyu daga cikinsu su karanta, mace da namiji in zai yiwu, babba da yaro. Mawallafan waje sun mai da wannan sana'a, suna biyan ɗan cikin al'umma ya duba littafi kafin a buga, ke ma ki ba su wani abu ko da na kati ne, domin aiki suka yi miki. Kada ki tambaye su ko sun ji haushi, kunya za ta sa su ce a'a. Ki ce su nuna miki inda suka ji ba haka ake yi ba, da inda suka yi dariyar da ba ki nufa ba. Za su saɓa wa juna, domin Birom ma ba bakinsu ɗaya ba, akwai Musulmi a cikinsu, akwai wanda bai damu da coci ba. Inda suka haɗu a kan kuskure ki gyara ba gardama. Inda suka rabu, hukunci naki ne, kuma ke za ki ɗauki alhakinsa da sunanki a bangon littafin.

Sannan ki dubi zauren naku. Mutum nawa ne a ciki waɗanda ba Musulmi ba? Masu cewa a bar 'yan Birom su rubuta nasu, sun taɓa gayyato ko ɗaya? Akwai matasa a Bukuru da Vom da Miyango da suke rubuta waƙa da wasan kwaikwayo da Hausa don majami'unsu, ba su taɓa jin cewa kasuwar littattafan Hausa tasu ba ce. Ki fara da wadda za ta duba miki rubutun: ki tambaye ta ko tana rubutu, in tana yi ki shigar da ita zauren, ki karanta nata kamar yadda ta karanta naki. Babi ukun nan kuma ki dakata da sakin na huɗu har sai kin dawo daga gidan su Kachollom.